Kwanona Da Ke Komawa Gida A Cike

A shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, ni ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikatar gwamnati a nan Katsina. Ina haya a Ƙofar Durbi da matata da 'ya'yanmu ƙanana. Siriri ne ni a lokacin, irin wanda in ya sa babbar riga sai ka ce rataye ta aka yi a ƙusa. Asalina ɗan ruga ne, mahaifina makiyayi ne da ya daina yawo ya zauna wuri ɗaya, karatu ne ya shigo da ni birni. Da fura da nono da tuwon gero aka raine ni, aka kuma raine ni a kan cewa mutumin kirki ba ya cin abinci a bainar jama'a, ba ya kuma buɗe baki ya ce yana jin yunwa. Edita, na rubuto ne don in ba da labarin abin da ya same ni, kuma ba zan kama sunan kowa ba. Mutanen da zan ambata babu ko ɗaya da ya nufe ni da sharri, kuma har yau wannan ne abin da ya fi ba ni tsoro a cikin labarin.

A lungunmu ana ciyayya. Da an idar da sallar Magariba sai magidanta su taru a ƙofar gidan wani ɗan kasuwa da muke kira Alhaji, a shimfiɗa babbar tabarma, kowane gida ya fito da kwanonsa. A jera kwanukan a tsakiya, a buɗe na farko kowa ya sa hannu, a ture shi a jawo na gaba, har a zagaye su duka. Akwai doka guda da ba a taɓa faɗa ba amma kowa ya san ta: ba a tsallake kwanon kowa. Kwanon da ya koma gida a cike magana ce aka aika wa matar gidan, ko dai ba ta iya girki ba, ko kuma ba a ɗauki mijinta a bakin komai ba. Mata kuwa da an mayar musu da kwano abin da suke fara yi ke nan, su ɗaga murfi su duba.

Da farko nakan fito da kwanona in ajiye, sannan in koma gefe in ce na ƙoshi. Akwai wani tela a cikinmu, shi ke yi mana ɗinki duka, mutum ne mai barkwanci wanda in ya sa ka gaba sai ka gwammace duka. Ni ya mayar abin yi. Yakan ce ni ba na buƙatar sayen yadi, guntayen da ke ƙarƙashin kekensa sun ishe ni riga da wando har da hula. Yakan ce iskar damina in ta taso a riƙe ni kada a tsince ni a Jibiya. Ina dariya tare da su, amma abin yana cina a rai. Ranar da na karye kuwa ba tela ne ya karya ni ba, Alhaji ne. Cikin sanyin murya ya ce shi fa ya fara tunanin ko ƙyamar abincinsu nake yi, ko kuma akwai abin da nake zargi. Nan take na jawo buta na wanke hannu. Aka yi ta tafi ana cewa yau ɗan ruga ya zama ɗan gari, ni kuwa na ji daɗi har cikin raina, domin a ranar ce na fara jin an karɓe ni.

Abincin lokacin ba wani abin tsoro ba ne. Tuwo ne da miyar kuka, da dambu, da ɗanwake, wani lokaci fate. Sai siyasa ta kankama, Alhaji ya shiga da ƙarfinsa, aka dace ya samu muƙami, aka ba shi gida a GRA. Mutum ne mai riƙon zumunci, bai yar da mu ba. Ya ce majalisarsa tana nan, wurin zama kawai ta sake, har mota ya ware da ke zuwa ta kwashe mu da kwanukanmu kowace yamma. To a can ne tabarma ta canza kama. Balangu da tsire a takarda, kaji soyayyu, shinkafa tana ninƙaya a mai, alkaki da nakiya daga cikin gida. Lemon kwalba kuwa a akwatinsa ake direwa, har ruwa ya zama abin wanke hannu kawai. In an gama a kawo shayi mai kauri, madarar gwangwani da suga har cokali yana jan ƙafa a ciki. Matanmu ma da suka ji abin da ake ci a can sai suka shiga gasa, kowace tana ƙara mai da nama don kada kwanon mijinta ya ji kunya.

Jikina ya karɓa fiye da na kowa. Wuya ya cika, kumatu suka fito, tumbi ya turo riga. Duk lokacin da na je awo, tela sai ya riƙe labarin har yamma, ya sanar a majalisa cewa ya sake buɗa ƙugun wandona, romon dimokuraɗiyya ya iso gidan Malam, wato ni. A ofis aka fara gaishe ni da wani irin ladabi. Ba zan ɓoye ba, na yi alfahari da tumbin nan, nakan shafa shi in na zauna. Mutum ɗaya ce ba ta taya ni murna ba. Da na je ruga gaishe da mahaifiyata, ta daɗe tana kallona, ta kama hannuna ta matsa, sannan ta ce wannan jikin ba na gidanmu ba ne. Ta dama mini fura na kurɓa na ajiye, don a bakina ta zama salam. Ta kuwa ga na ajiye.

Ƙishirwa ce ta fara zuwa. In sha ruwa kamar an aiko ni, kafin in zauna maƙogwaro ya bushe, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa. Na ɗora wa zafin gari. Matata ce ta kira ni wata safiya ta nuna mini makewayi, inda kiyashi suka yi layi suka taru baƙi ƙirin daidai wurin da nake tsugunawa. Ta ce ta kwana biyu tana lura, in yara suka shiga ba sa taruwa, sai in ni ne. Ta matsa mini har na je asibiti. Bayan gwaji likita ya ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikina. Abin da ya ba ni mamaki, sai ya ce in cire takalmi. Ya riƙa taɓa tafin ƙafata da wani ɗan siririn abu yana tambaya ko na ji, wani wurin in ji, wani wurin in ga hannunsa yana motsi amma kamar ƙafar wani yake taɓawa. Ya dube ni ya ce in ban gyara cin abincina ba, ƙafar nan ba za ta raka ni tsufa ba. Ya rubuta mini magani, ya faɗi abin da zan ci da abin da zan bari, kuma kusan duk abin da ya ce in bari shi ne abin da ke kan tabarmar Alhaji.

Matata ta tsaya tsayin daka. Ta koma yi mini wake da zogale, da ɗan tuwon alkama da miyar ganye ba mai sosai, kuma shi take zubawa a kwanon ciyayya don in samu abin da zan ci a can. Ni kuma na ɓoye wa majalisa, domin kunyar da aka raine ni da ita ba ta bar ni in zauna cikin maza in ce ba ni da lafiya ba. Ranar farko tela ya ɗaga murfin kwanona, ya leƙa, ya tambaya wa aka kwantar a asibiti. Aka yi dariya, aka ɗan taɓa don kara, aka ture. Washegari ko taɓawa ba a yi ba. Ni kaɗai ba zan iya jawo kwanona in ci ina kallon mutane ba, don haka sai in bi sahu in ci nasu, nawa ya koma gida a cike. Haka aka yi ta yi har magana ta zagaya lungu. Matan maƙwabta suka fara tambayar matata ko lafiya, ko wani abu ya samu aikina. Sai ga aike daga Hajiyar Alhaji, galan na mai da shinkafa, wai a taimaka wa yara.

Ranar na shiga gida raina a ɓace na ce mata ta koma girki irin na da, ni zan riƙa taɓa kaɗan ne kawai. Ta ce ita da ake yi wa kallon ba ta iya girki ba ta ji za ta iya jurewa, me zai sa ni in kasa. Ta ce kwano ya yi ta dawowa a cike har ƙarshen duniya in dai ni zan riƙa dawowa da ƙafafuna. Na ɗaga mata murya, abin da ban saba ba, na ce ba za a mayar da ni abin tausayi a gari ba. Washegari ta soya kaza ta yi shinkafa da mai, kwano ya dawo kamar an wanke, tela har da aika mata da gaisuwa. Da na miƙa mata ta ɗaga murfi ta duba, ta ajiye, ta shige ɗaki.

Ana nan zaɓe na gaba ya matso, gari ya ɗau zafi, 'yan siyasa suka rarrabu. Jita-jita ta yi yawa, yau a ce an sa wa wane abu a abinci, gobe a ce wane ya daina ci a gidan wane. A irin wannan lokaci ƙin cin abincin ɗan siyasa ba ƙaramar magana ba ce, ko dai kana tsoronsa ko kuma ka koma wani ɓangare. Wata yamma da idona ya fara yi mini hazo-hazo, na ƙudura ba zan sha lemo ba. Alhaji da kansa ya buɗe kwalba ya miƙo mini, na ce alhamdu lillahi. Bai janye hannunsa ba. Kowa a tabarma ya bar tauna. Ya ce, “Malam, wanga gida fa ba na maƙiyinka ba ne.”

A nan dole ta sa na faɗi gaskiya, na ce likita ya ce ina da suga. Na zaci za a yi jimami a janye kwalbar, sai na ji an saki ajiyar zuciya ana dariya, wai ashe abin ma bai kai ya kawo ba. Wani ya ce yayansa ya yi shekara da shekaru da shi kuma ba abin da ba ya ci. Tela ya ce maganin zaƙi ai ɗaci ne, in riƙa shan ruwan shuwaka da garahuni da safe, da yamma in ci abin da raina ke so, likitoci tsoratarwa ce sana'arsu. Alhaji ya ce ajali ba a cikin kwalba yake ba, kuma shi zai sa a riƙa kawo mini garahunin. Ya cika alkawari kuwa. Na karɓi kwalbar na shanye, na kuma karɓi maganarsu hannu bibbiyu, domin ita ce maganar da nake son ji. Daga nan na fara wasa da ƙwayoyin asibiti, ranar komawa wurin likita ta zo ta wuce ban je ba.

Sai jikin ya juya. Ina ci kamar da, amma ina zubewa. Tela ya koma rage ƙugun wandon da ya buɗa, wannan karon bai kai labari majalisa ba. Ƙafafuna suka riƙa yi mini kamar na taka auduga, wani lokaci kuma kamar ana tsira mini allura. Da Sallah ta zo Alhaji ya yi wa 'yan majalisa anko, shadda iri ɗaya da takalmi sau-ciki iri ɗaya. Nawa ya ɗan matse ni, amma wa zai fita daban? Da shi na je Idi, da shi na yi yawon gaishe-gaishe wuni guda, ban ji komai ba. Da na dawo matata ce ta ga safata ta manne da jini. Bororo ne ya fashe a gefen babban yatsa, ɗan ƙarami, wanda yaro ma ba zai yi wa kuka ba. Ta ce mu tafi asibiti, na ce a kan wannan ɗan abin?

Bai warke ba. Ya yi baki, ya zurma, gefensa ya fara duhu. Na riƙa ɗaure shi da tsumma ina fesa turare, in na zauna a tabarma in naɗe ƙafar a ƙarƙashin riga. Ƙudaje suka gane ni, duk inda na zauna sai sun zo. Wata yamma muna tsakiyar cin balangu, tela da ke kusa da ni ya ɗan ja jiki, ya shaƙi iska, ya ce a duba bayan tukwanen furannin nan, da alama ɓera ya mutu. Aka tashi ana dube-dube ana dariya. Na san ba ɓera ba ne. Na yi dariya tare da su, na miƙa hannu na ɗauki wata tsoka. In akwai lokacin da nake tunawa jikina ya yi sanyi, wannan ne, domin ina jin warin jikina ina kuma taunawa don kada a ce na tsame hannu.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kayar da ni, aka kwashe ni ban san inda kaina yake ba. Likitan da ya taɓa gwada tafin ƙafata shi ya kwance tsumman. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ruɓar ta haura, in ana son a ceci raina sai an yanke daga ƙasan gwiwa. Aka yi aikin. Da na farfaɗo na dubi zanen da aka rufe ni da shi, gefe ɗaya a tashe, gefe ɗaya a kwance, na juya fuskata bango na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro.

'Yan majalisa suka zo dubiya gaba ɗayansu, da kuloli da ledoji, farfesun kaza da soyayyen nama da katan na lemo. Alhaji ya zauna a bakin gado ya riƙe hannuna, hawaye na gaske suna zubo masa. Ya ce duk abin da ake buƙata a faɗa masa. Sannan ya dubi yadda na rame, ya ce marar lafiya sai da ƙarfi, ya sa aka buɗe kwalba ya miƙo mini kamar yadda ya saba. Edita, wallahi hannuna ya tashi. Ƙafata ba ta fi 'yan kwanaki da rabuwa da ni ba, amma ganin idanunsu a kaina sai na ji ba zan iya mayar da hannun Alhaji ba. Har na riƙe kwalbar. Matata, wadda ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi Alhaji ba balle ta yi magana a gabansa, ta taso daga inda take rakuɓe, ta zare kwalbar daga hannuna ta ajiye a ƙasa. Ta durƙusa ta ce, “Alhaji, ku yi haƙuri. Guda ɗaya ta rage mishi.” Ba a jima ba suka yi sallama.

Bayan an sallame ni muka tashi daga lungun muka koma unguwar Kambarawa. Yanzu a tsakar gida nake cin abincina tare da iyalina, wake da ganye da abin da likita ya yarda, ina shan magani a kan lokaci, kullum da safe matata tana duba ƙafar da ta rage yatsa bayan yatsa. Majalisa tana nan, ana gaisawa, ba gaba tsakaninmu. Kwanaki tela ya zo gida yi mini awo. A ɗan zaman da ya yi ya shanye ruwan da aka kawo ya nemi ƙari, ya kuma nemi a nuna masa makewayi. Na lura rigarsa ta yi masa yawa. Da zai naɗe tef ɗinsa sai ya rage murya, ba wasa a fuskarsa, ya tambaye ni wai da gaske ne maganar da ya ji ta taruwar kiyashi a makewayi. Na faɗa masa komai, na nuna masa dungulmin, na roƙe shi ya je asibiti, ya kuma huta da tabarma ko na ɗan lokaci. Ya saurara yana gyaɗa kai. Da aka kira Magariba ya miƙe da sauri, ya ce zai je in sha Allahu, amma yau kam kwanonsa ya riga ya yi gaba, ba daɗi a buɗe ba ya nan.

Abin da na koya shi ne, ba yunwa ce ke sa yawancinmu ci ba, idon abokai ne. Mutum yana iya ƙin abincin maƙiyinsa cikin sauƙi, na masoyi ne ke da wuyar ƙi. Ban ce ciyayya mugun abu ba ce, zumunci ce, kuma na ga alherinta. Amma ina roƙon duk wanda likita ya yi wa iyaka da wani abinci, ya faɗa da bakinsa tun ranar farko, ya kuma tsaya a kan maganarsa ko za a yi masa dariya, ko kwanonsa zai koma gida a cike. Dariyar ba ta wuce kwana biyu. Ku kuma masu miƙawa, in abokinku ya ce ya ƙoshi ku janye hannu, kada ku mayar da cinsa ma'aunin ƙaunarsa, kada kuma ku zama likitocinsa a kan tabarma. Ni na biya da ƙafa ɗaya kafin in iya cewa a'a. Wandon da tela ya auna ya aiko mini da shi, ya ɗinke ƙafar hagu daidai gwiwa, ɗinki mai kyau. Na tambayi wanda ya kawo ko maigidan nasa ya je asibiti, ya ce bai je ba tukuna.